Ku Zo da Tambayoyinku: Jawabinmu a Kan Laccocin Kimiyya da Za a Fara Ranar Asabar



Iyayenmu maza da mata, malamanmu, shugabannin unguwanni, masu masaukinmu mutanen gari, samari da 'yan mata, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode da kuka baro ayyukanku cikin wannan zafi kuka amsa kira. Mu ne 'yan kwamitin wayar da kai na wannan mazauni. Wasunmu 'yan gudun hijira ne kamarku, wasu 'yan gari ne, wasu kuma ma'aikatan lafiya ne da na ruwa. Za a buga wannan jawabi a takardar sanarwa, saboda haka wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabcinsa da bai samu zuwa ba.

Magana ɗaya ce ta tara mu. Daga Asabar mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu fara zaman laccoci a kan ilimin kimiyya a nan rumfar taro, sau ɗaya kowane mako har zama shida. Za a fara bayan sallar La'asar, a tashi kafin kiran Magariba. Kowane zama mutum ɗaya mai sanin abin zai yi bayani da Hausa na rabin sa'a, sauran lokacin kuma naku ne, ku yi masa tambaya. Akwai mai fassara ga masu jin Fillanci.

Tun da wuri bari mu faɗi abin da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Babu rabo a wannan zama. Ba za a ba da sabulu ko kuɗin zama ba, ba za a rubuta suna ba, ba za a duba kati ba. Wanda ya zo da wanda bai zo ba, rabonsu na abinci ɗaya ne. Mun faɗi haka ne don kada wata ta bar tukunya a kan wuta ta zo da kati a hannu, ta koma tana cewa an yaudare ta.

Mun kuma san abin da ake faɗa a majalisa. Da muka fara zagayawa da maganar, wani dattijo ya ce mana, 'ya'yana, wanda ya baro gonarsa da shanunsa a Sabon Birni ko Isa ko Zurmi, gero yake nema, ba lacca ba. Gaskiya ya faɗa, ba mu musa masa ba. Tun 2019 da mutanenmu suka fara ƙetarowa jihar Maraɗi, ba mu ga wanda bayani ya cika wa ciki ba. Amma mun ga gidan da aka rasa yaro cikin kwana biyu da gudawa, alhali akwai sukari da gishiri a ɗakin. Uwar ta hana shi ruwa ne saboda ƙauna, tana ganin in ya sha gudawar za ta ƙaru. Ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da ke faruwa a cikin jikin ɗanta. Irin wannan rashi ne ya sa muka nace. Damina kuma tana ƙofa, ba a fafe gora ranar tafiya.

Shi ya sa zama na farko a kan ruwa zai kasance, da cutar amai da gudawa da ake kira kwalara. Waɗanda suka daɗe a wannan yanki sun tuna yadda ta shiga Madarunfa a daminar 2018, ta kuma dawo jihar nan a 2021. Ma'aikacin ruwa da malamin asibiti za su zo da madubin likita, wanda ke girmama abin da ido ba ya gani. Za a ɗebo ruwan kududdufi a ɗiga a ƙarƙashinsa, kowa ya bi layi ya leƙa da idonsa ya ga abin da ke motsi a ciki. Gani ya kori ji. Za ku kuma ji dalilin da ya sa ruwa yake iya fitowa daga famfo da tsabtarsa, ya ƙazantu a gida: jarkar da ba a wankewa, randar da ba murfi, moɗar da yaro ya ajiye a ƙasa aka mayar cikin ruwa. Za a nuna yadda ake sa ƙwayar tsabtace ruwa, da dalilin jiran minti 30 kafin a sha.

Akwai labari biyu da za ku ji a wannan zama, bari mu ɗanɗana muku. A shekarar 1854 kwalara ta kashe mutum fiye da 600 a wata unguwa ta birnin Landan. A lokacin har manyan likitoci sun ɗauka wari da gurɓatacciyar iska ne ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida yana tambaya, a ina kuke ɗiban ruwa? Ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a kowane gidan da aka yi rashi. Sai ga alamun sun taru kewaye da famfo guda. Tun ma kafin ya zana taswirar ya sa aka cire hannun famfon. Tambaya da ƙirga, su ne duk kayan aikinsa, kuma ba su fi ƙarfin kowa a cikinmu ba.

Labari na biyu ya fi kusa da mu, domin a sansanin 'yan gudun hijira ya faru. A 1971 yaƙi ya koro miliyoyin mutane daga ƙasar da yanzu ake kira Bangaladash zuwa Indiya. Kwalara ta ɓarke a sansanin Bangaon, ledojin ƙarin ruwa suka ƙare. Wani likitan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya haɗa gishiri da sukari da ruwa a manyan durom, ya ce dangin marasa lafiya su riƙa ba su da kofi, ba tare da jiran likita ba. Kafin haka, cikin kowane mutum 100 da suka kamu, kusan 30 ke mutuwa. Cikin waɗanda aka ba wannan ruwa, ba su kai 4 ba. Wato ruwan gishiri da sukari da ake ba ku a ƙunshi yau, iyaye mata 'yan gudun hijira irinku ne suka fara nuna wa duniya cewa yana ceton rai a hannun talaka.

Sirrinsa shi ne, mai gudawa ruwa da gishirin jikinsa ne ke zubewa, shi ke kashe shi. Sukari kuma yana taimaka wa hanji ya tsotsi gishirin, ruwa ya bi shi. Amma sai an auna daidai. In akwai ƙunshin asibiti, shi ya fi, a zuba shi cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gishiri in ya yi yawa yana cutar da yaro. Ranar Asabar kowace uwa za ta auna da hannunta a gaban malamin asibiti. Kuma wannan ruwa ba ya hana zuwa asibiti, ana ba da shi ne tun daga gida har a kan hanya. Mai shan nono a ci gaba da ba shi nono.

Zama na biyu a kan sauro ne da zazzaɓi. Har yanzu akwai masu cewa ɗanyen mangwaro ko dukan ruwan sama ko sabon gero ke kawo shi. Ba mu yi wa kowa dariya ba, domin duk lokacinsu ɗaya ne da lokacin sauro, dole a haɗa su. A 1880 ne wani likitan Faransa mai suna Laveran ya fara ganin ƙwayar cutar cikin jinin mara lafiya a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta cikin cikin sauro a Indiya. Macen sauro ce ke cizo, galibi da dare, kuma a kwantaccen ruwa take yin ƙwai. Mun roƙi yaran makaranta su kawo tsutsar sauro cikin kwalba a rufe da ƙyalle, a ajiye ta nan, mako ya zagayo ku ga abin da ta zama. A wannan zama ne za a yi bayanin maganin rigakafin da ake ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata na damina. Na kwana uku ne a jere. Da yawa ana ba yaro na ranar farko a gaban ma'aikaci, na kwana biyun da suka rage kuma ya kwana ƙarƙashin tabarma. Ku zo ku ji abin da hakan ke jawowa.

Na uku shi ne allurar rigakafi, kuma mun san nan ne za a fi zafi. Muna son a yi zafin. Wanda ke ganin allura tana hana haihuwa, ya zo ya faɗa da bakinsa, ba za a kunyata shi ba. Shakkar mutanenmu ba daga sama ta faɗo ba. Manya sun tuna abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da wani kamfanin magunguna na waje ya gwada sabon magani a kan yara, maganar ta kai har kotu. Magani ne aka gwada, ba allurar rigakafi ba, amma tabon ya shafi duka. Mun gaya wa mai laccar kada ya kauce wa wannan magana. Haka kuma muna roƙon kakanninmu da ke da tabon lamba a dantse su zo su ba jikoki labarin agana, yadda take shiga gari ta bar makafi da masu zanzana. A 1980 aka sanar cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, da allura. Yaran yau ko sunanta ba su sani ba. Nijar tana cikin ƙasashe uku na farko da aka fara sabuwar allurar sanƙarau a 2010, tare da Mali da Burkina Faso. Ƙyanda kuwa tana nan, kuma ba ta son wuri kamar inda jama'a suka cunkushe irin namu. Ungozoma za ta zauna tare da mai laccar, iyaye mata su zo da katin yaransu a duba musu wadda ta rage.

Zama na huɗu na manoma ne, kuma a nan masu masaukinmu ne malamai. Wanda ya shigo ƙasar Maraɗi ya ga itatuwa tsaye cikin gonaki zai ɗauka haka Allah ya bar su tun fil azal. Ku tambayi dattawan gari. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 gonaki sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, sai an yi shuka sau biyu ko uku. An yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A farkon shekarun 1980 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a nan Maraɗi, ya lura cewa 'yan kurmin da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. Maimakon a sassabe duka, sai a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kan kututture, a datse sauran, a bar su su tashi. Shi ne sassaben zamani. Ba sai an sayi iri ba, ba sai an yi ban ruwa ba. Manoma ne suka ɗauke shi daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200.

Wannan zama ba a rumfa za a yi shi ba, a gona za a yi, kowa ya zo da laujensa ko addarsa. Za ku ji dalilin da ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashin gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Za a nuna tassa, ramukan da ake haƙawa a feƙo a zuba taki don su riƙe ruwa. Za a kuma nuna buhun nan mai ninki uku na ajiyar wake, wanda ƙwari ke mutuwa a cikinsa don rashin iska ba tare da an zuba guba ba. Mu faɗi gaskiya, maganar itace ita ce ta fi kawo saɓani tsakaninmu da mutanen gari. Matanmu na buƙatar makamashi, su kuma shekaru suka yi suna renon sabara da kalgon nan. In mun san yadda ake datse reshe ba tare da kashe itace ba, rabin rigimar ta ƙare. Kuma ranar da Allah ya kawo zaman lafiya muka koma, gonakin da muka baro sun yi shekaru ba a taɓa su ba, cike suke da irin wannan toho.

Na biyar a kan ruwan sama ne da hasashen yanayi. Kowace shekara kafin damina cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana haɗuwa da hukumomin yanayi na ƙasashen yankin su fitar da hasashe, kuna ji a rediyo. Wasu na cewa shiga gaibu ne. Limaminmu ya yarda zai zauna a wannan zama, shi zai amsa wannan ɓangare. Mu abin da muka sani shi ne, manomin da ya ga iska ta juya, ya ga shamuwa ta dawo, ya ce damina ta kusa, bai shiga gaibu ba, alama ya karanta. Su ma alama suke karantawa, sai dai da na'ura, kuma sukan yi kuskure kamar yadda shi ma yake yi. Za a koya wa yara auna ruwan sama da gwangwani mai miƙaƙƙen baki da rula. In rediyo ta ce an yi ruwa milimita 20, ma'anarsa lita 20 ta zuba a kan kowane fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, wato jarka guda. Bayan ambaliyar 2024, wadda ta yi ɓarna sosai a jihar nan, ta kuma rushe tsohon masallacin Damagaram, ba sai mun gaya wa kowa amfanin sanin inda ruwa ke bi kafin a kafa ɗaki ba.

Na ƙarshe da dare za a yi shi, bayan Isha'i, kuma mun yarda shi kaɗai ne ba zai warkar da kowa ba. Mun sa shi ne don yara, da manyan da yarinta ba ta gama barinsu ba. Za a kalli sama. Tsofaffi su nuna Kaza da 'Ya'yanta da Zara matar wata, malamin makaranta kuma ya yi bayanin abin da ya sa azumi ke zagayawa daga zafi zuwa sanyi: shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, bambancin kwana 11 ke matso da shi kowace shekara. Mutanen Zamfara da ke nan sun tuna ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta yi duhu da hantsi a Gusau da kewaye har kaji suka nufi akurki. Wata ne ya shiga tsakanin rana da ƙasa, inuwarsa ta faɗo a kanmu. Za a nuna yadda hakan ke faruwa da tocila da ƙwarya da goruba. Masana sun riga sun lissafa cewa ranar 2 ga Agusta 2027 za a sake yin husufi, cikakkensa zai bi ta Masar da Jidda da Makka, mu nan kuma za mu ga an ci wani ɓangare na rana. Addini ya koya mana sallar da ake yi a irin wannan lokaci, ya kuma koya mana cewa ba mutuwar wani ko haihuwarsa ke kawo shi ba. Abin da za mu ƙara shi ne kada a kalli rana da ido, ko ta baƙin tabarau, ko ta cikin ruwan kwano, domin tana ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Akwai hanyar kallo da madambaci, a bar haske ya bi ta hujojinsa ya faɗa ƙasa. Za a nuna.

Mun gindaya wa masu lacca sharuɗɗa. Ba Turanci, ba Faransanci, sai kalmar da ba ta da Hausa, ita ma a fassara ta. Wanda aka yi wa tambayar da bai san amsarta ba, ya ce bai sani ba, ya je ya bincika ya dawo da ita Asabar ta gaba. Kuma ba mai lacca da zai raina abin da tsofaffi suka sani. In maganin gargajiya ne aka kawo, a tattauna shi da mutunci, abin da ke da amfani a ce yana da amfani, abin da ke cutarwa, kamar cire beli da aska ɗaya ga yara da yawa, a faɗa ba ɓoye-ɓoye.

Sauran magana ga magidanta. Yawancin abin da za a faɗa a zama uku na farko, a hannun mata yake: su ke ɗebo ruwa, su ke kwana da yaro mai zazzaɓi, su ke riƙe da katin allura. In maigida ya zo shi kaɗai ya koma ya ba da labari, rabi zai zube a hanya. Muna roƙonku ku bar su su zo. An keɓe musu gefen rumfa da tabarmi. Waɗanda ba za su iya zama cikin maza ba, ko suke jin nauyin tambaya a gabansu, za a maimaita musu kowace lacca ranar Litinin da hantsi a ɗakin taron mata, mace ce kuma za ta jagoranta. Mai goyo ta zo da goyonta, kukan yaro ba zai dame mu ba.

Wanda ke da tambayar da yake jin kunyar yi a bainar jama'a, ya gaya wa mai faɗakarwa na unguwarsa, ko ya sa a rubuta masa a jefa cikin akwatin da ke bakin rumfa. Za a karanta ta ba tare da suna ba. Tun jiya mun sami guda uku a ciki. Ɗaya na tambayar me ya sa ruwan famfo ke warin magani, ɗaya na tambayar ko fitilar sola tana rage ganin yaro, ta ukun kuma da alama yaro ne ya rubuta, yana son ya san inda rana take kwana. Duka ukun za a amsa su.

Ranar Asabar, kowace uwa ta zo da ƙaramin cokalin shayinta da robar da take auna ruwa da ita a gida, don a gwada a ga ko lita ɗaya ce da gaske. Sukari da gishiri mu za mu kawo. In hadari ya taso, za a koma ajin makaranta na kusa da famfo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo zaman lafiya a garuruwanmu.